Nas Ta Canja Gado

Mai Guga ta gama juya mijinta a kan gado, ta cusa masa matashin kai a baya, sannan ta tsaya dafe da bango tana jiran numfashinta ya dawo. A da juya Direba ba aiki ba ne a wurinta: hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ta yi bismillah, shi ke nan. Yanzu sai ta huta a tsakiya, kamar mai hawa bene da bokitin ruwa.

Direba yana bin ta da ido. Tun bara da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a tashar bas ɗin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙi, ɓarinsa na dama ya daina jin magana, baki ya karkace, zance ya koma guntu-guntu. Mutumin da fasinjoji kan roƙa ya yi shiru su ji da gajiyarsu, yau kafin ya haɗa kalma biyu sai ya yi gumi. Idanunsa kaɗai ciwon ya bari, su kuwa ba abin da ke wuce su.

"Me kake kallo?" ta ce. "Ba ka taɓa ganin tsohuwa ba?"

Ya mayar da ido ƙarshen gado, wajen ƙafafunsa, inda bargo ya lotsa ya yi rami. Wurin Nas ne nan, kuma ba ta ciki.

Nas kyanwa ce, toka-toka, mai yagaggen kunne ɗaya, wadda ta shigo gidan da ƙafarta shekarun baya ba wanda ya gayyace ta. Fara'a dai ba ta gada ba. In kana da lafiya, ko kifi ka miƙa mata za ta karɓa ta wuce kamar dama nata ne. Amma bari zazzaɓi ya kama mutum. Kafin shi kansa ya san da shi, ta riga ta haye gadonsa ta naɗe. Haka ta yi wa Auta, ƙaramar 'yarsu, duk lokacin da ta kwanta. Haka ta yi wa yayan Auta, wanda ake kira Injiniya saboda gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, sa'ad da ya faɗo daga tsani ya karye a ƙafa. Direba ne ya raɗa mata suna, ya ce ga nas an samu a gida, ba hutu ba yajin aiki. Mai Guga kuma ita ta kafa dokar da kowa a gidan ya haddace: Nas ba ta sauka daga gado sai ta sallami marar lafiya.

Dokar nan tata ce yanzu ta zame mata ƙarfen ƙafa. Kwanakin baya, wata safiya, Nas ta sauko daga ƙafafun Direba, inda take tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti, ta yi miƙa, ta bi Mai Guga ɗakin guga ta kwanta a ƙarƙashin tebur. Mai Guga ta ɗauka ɗumin dutsen guga ta biyo. Da ta zauna shan shayi sai kyanwar ta haye cinyarta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta cusa kai a gefen cikinta na dama, ƙarƙashin haƙarƙari, daidai inda wani ciwo ya daɗe yana cin ta ba wanda ta faɗa wa. Nan ta sha jinin jikinta. Ta ture ta, ta dawo. Ta sake turewa, ta sake dawowa, ba fushi ba gaggawa.

Ba mutuwa Mai Guga ke tsoro ba, ko kuma dai ba ita ce a sahun gaba ba. Abin da take tsoro ta ji shi da kunnenta tun Direba na kwance a asibiti, yaran suna shawara a baranda suna zaton barci ya ɗauke ta. In Mama ta gaza, in ji Injiniya, shi zai ɗauki Baba, tunda gidansa a ƙasa yake kuma akwai ɗan ɗaki kusa da banɗaki, ko da yake gado ɗaya kawai yake ci. Auta ta ɗauki Mama, tunda nata a saman bene yake, ba yadda za a yi a hau da Baba. Gidajen biyu kuwa, ɗaya a wannan bakin gari, ɗaya a wancan, sai an canja bas a hanya. Da kyakkyawar niyya suka tsara, ta sani, amma tsarin ya yi mata kama da rabon kujeru. Tun da suka yi aure, in ban da kwanan haihuwa, ita da Direba ba su taɓa kwana a ƙarƙashin rufi daban ba. Ko a asibitin nan a ƙasa ta shimfiɗa bargo kusa da gadonsa, nas-nas na ƙorafi ta yi kunnen uwar shegu da su.

Da hutun ƙarshen mako ya zo, yaran suka iso kamar kullum. Auta ta shiga gaida mahaifinta, sai ga ta ta fito da sauri, jakarta ma ba ta ajiye ba.

"Yaya! Zo ka gani! Nas ta sauka!"

Injiniya ya leƙa, ya ga gado ba kyanwa, ya riƙe baki. "Kai! Mama, tun yaushe? Shi ne ba ki faɗa mana ba?"

"An kwana biyu," ta ce, tana zuba shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba.

"Alhamdu lillahi! An sallami Baba!" in ji Auta, har da tsalle kamar ba uwar yara ba.

"Ni dama na ga fuskarsa ta ciko," Injiniya ya ce. "Baba, saura ka je ka karɓi makullin bas ɗinka."

Direba ya ɗaga hannunsa na hagu, mai lafiyar, yana nuna ƙofar falo inda matarsa take. Injiniya ya cafke hannun ya girgiza yana dariya. "Kin gani ko, Auta? Har hannu yake ba ni."

Duk wannan bidiri da ake yi, Nas na ƙarƙashin kujerar Mai Guga, ta naɗa jela a idon sawunta. Kowa ya kalli inda kyanwar ta bari, ba wanda ya tambayi inda ta koma.

Ba za a ga laifinsu sosai ba. Injiniya ya shafe watanni yana ratsa gari kowace safiya ya yi wa mahaifinsa wanka kafin ya tafi aiki, idanunsa kullum jajur. Auta tana tashi daga ofishin da take karɓar baƙi ta biyo ta kwashi zannuwan gado ta kai gida ta wanke, ga nata yaran na jira. Sun gaji, sun samu labari mai daɗi, ba su da ƙarfin bincikarsa.

Bayan an ci abinci Injiniya ya same ta a kicin, yana sosa ƙeya. "Mama, tunda sauƙi ya samu, ko in riƙa zuwa ƙarshen mako kawai? Wallahi maigidana a wurin aiki ya fara yi min kallon banza."

"Je ka abinka," ta ce. "Me ya rage? Wanka ne kawai."

"Za ki iya?"

"Kafin a haife ka wa yake iyawa?"

Ya yi dariya ya tafi da zuciya fes. Auta ma ta rage zuwa. Ita kuwa Mai Guga ta ga ta sha da ƙyar a wannan karon, ba za ta sake dogara da sa'a ba. Daga ranar, da ta ji ƙarar motar Injiniya a waje sai ta sungumi Nas ta jefa a sito, ɗan ɗakin ajiyar kaya da ke lungun kicin, ta tura sakata. In an tambaya ta ce gashi take zubarwa, masu kaya sun fara mita. Nas ta yi ta kuka tana yaƙushin ƙofa, Mai Guga ta ƙara muryar rediyo.

Wankan da ta ce "kawai" shi ya nemi ganin bayanta. Ta rungumo shi daga gado zuwa keken marasa lafiya, daga keke zuwa kujerar roba a banɗaki, ta saɓa, ta ɗauraye, ta goge, ta shafa masa mai a gwiwar hannu da dugadugai, ta sake rungumo shi ta mayar. Direba ba ƙaramin mutum ba ne, ciwo bai rage masa ƙashi ba. Kafin ta gama, rigarta ta jiƙe sharkaf, ga kayan mutane tuli a ɗakin guga suna jiran ta: ƙyallayen tebur na gidan abincin da ke kan kwana, rigunan makaranta na yaran maƙwabta, fararen riguna na ma'aikatan ofis. Abinci ya fita ranta. Ta kan ɗebi cokali biyu ta ture, ta ce da anjima.

Wata rana da hantsi ta ɗauko farar rigar wani ma'aikacin banki da ke zaune a saman bene, mutum mai tsirfa wanda ke duba kwala kafin ya amsa gaisuwa. Ta fesa ruwa, ta bi kwala ciki da waje, ta jawo kafaɗa ta ɗora a bakin tebur. Hannunta ya san hanyar nan ko ido a rufe. Tana kan aljihu ciwon ya taso, ba irin na kullum mai ci a hankali ba. Wannan murɗe ta ya yi kamar tsumman wanki. Ta durƙusa, goshinta jingine da ƙafar tebur. Ƙauri ne ya dawo da ita hayyacinta. Dutsen guga ya zauna daram a kan aljihun, ya bar hotonsa ja-ja, har da 'yan ramukan tururi.

Tun da ta fara sana'ar nan ko hankici ba ta taɓa ƙonawa ba. Ta zauna a ƙasa da rigar a hannu. Nas ta zo ta cusa kai inda ta saba, ita kuwa ko ƙarfin korar ta babu. Kuka ya zo mata, ba na ciwon ba, na gajiya, irin wanda ba ya fitar da sauti.

Daga ɗaki ta ji Direba na buga kofi a jikin gado. Ƙararrawarsa ke nan. Ta wanke fuska ta je.

"Ƙauri," ya ce.

"Riga ce. Hankalina ne ya tafi wani wuri."

Ya kalli Nas, wadda ta biyo ta ta zauna a kan ƙafarta. Ya kalle ta ita. Ya tattaro bakinsa da ƙyar.

"Asi... biti."

"Ranarka ba ta zo ba, sai wata mai kamawa."

"Ke."

Ta mayar da ƙofa ta rufe, ko da yake ba kowa a gidan sai su. Ta zauna a bakin gado.

"Saurara, Direba. In na je asibiti kwantar da ni za su yi. In suka kwantar da ni, ɗanka zai zo da mota ya kwashe ka ya kai ka ɗakin nan nasa da ko tagar kirki babu, matarsa ta riƙa ba ka abinci tana latsa waya. Ni kuma a haye da ni bene wurin Auta in zauna ina kallon motoci. Sai dai mu gaisa ta waya, kai ba baki, ni ba kunne. Abin da kake so ke nan?"

"Ki... warke."

"Wa ya ce maka ba ni da lafiya? Kyanwa? Tsufa ne ya kama ta, ta rikice, ba ta san gadon da za ta hau ba."

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro daga idon dama, wanda dama tun ciwon yake yawan zubar da ruwa, ta sa gefen tawul ta share kamar na kullum ne. Ta san ba na kullum ba ne.

"Gajiya ce kawai," ta ce. "Kuma in ka kuskura ka nuna wa yaran nan wani abu, ni da kai ne."

Ta faɗa ne tana 'yar dariya, don ta san ba shi da bakin faɗa. Kafin ya haɗa jimla Injiniya ya ƙarasa masa ita da abin da yake son ji.

Washegari, bayan wanka, Direba ya nuna bayan ƙofa. Can sandar nan take, ta ƙarfe mai ƙafa huɗu, wadda likitan motsa jiki ya ba shi tun ana sallamarsa. Ya ƙi ta ƙememe tun ranar farko. Mutumin da ya juya doguwar bas a lungu da hannu ɗaya, ya ce ba za a mayar da shi jariri ba. Sandar ta koma wurin rataye tawul.

"Yau kuma?" ta ce. "Wane mafarki ka yi?"

Ya sake nunawa, fuska ba wasa.

Ta ji daɗi har cikin ranta. Ta ɗauka ya dawo ɓangarenta ne: in ya iya kai kansa banɗaki, nauyi ya ragu, ta iya ci gaba da lallaɓawa, su yi zamansu ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Sai dai kafin nauyin ya ragu ƙaruwa ya yi. Ita ke ɗaga shi tsaye, ita ke bin sa a baya riƙe da bel ɗin wandonsa, yana jan ƙafar dama kamar buhun da aka ɗaura masa. Ranar farko ko ƙofar ɗaki bai kai ba ya zube a kan kujera yana haki, ita ma tana haki, suka zauna suna kallon juna kamar waɗanda suka yi dambe. Bai fasa ba. Ya kai ƙofa. Ya kai tsakiyar falo. Ta lura kullum in ya fito ba ya nufar ƙofar waje, inda rana take da maƙwabta masu gaisuwa, sai ya karkata lungun kicin.

"Tsoho da kwaɗayi," ta ce. "Mutane na neman iska, kai kana bin ƙamshin tukunya."

Ya yi wani sauti a maƙogwaro, ta ɗauke shi dariya.

Wata ranar hutu gidan ya cika. Injiniya ya zo da matarsa, Auta ta zo da lemo da biredi. Nas na sito tun kafin su shigo, tana kukanta, rediyo na rufe ta. An fito da Direba falo a keke, an ci an sha, Mai Guga ta yi ta jujjuya shinkafarta a faranti don a ga kamar tana ci. Ta saka riga mai faɗi, ta yafa mayafi a kafaɗa duk da zafin da ake yi.

Direba ya buga kofi a hannun keke. "Sanda," ya ce.

Falo ya ɗauki sowa. Auta ta ruga ta ɗauko, Injiniya ya ɗaga shi tsaye sannan ya ja baya ya fito da waya yana ɗaukar bidiyo. Mai Guga ta yunƙura za ta riƙe masa bel, ya girgiza kai. Ta koma ta zauna, don gaskiya ma ƙafafunta ba su so tashin ba.

"A hankali, Baba! Ka ga tuƙi! Ba birki ba ribas!" in ji Injiniya.

Ya dasa sanda, ya jawo ƙafa. Ya sake dasawa, ya sake jawowa. Gumi ya keto masa a goshi. Ya wuce tebur, ya wuce talabijin, ya karkata lungun kicin, suna biye da shi suna tafi. Daga inda take zaune tana hango lungun har ƙarshe. Sai da ta ga ya wuce ƙofar kicin bai ko waiwaya ba sannan ta gane inda ya nufa.

"Direba," ta kira. "Ya isa haka. Dawo."

Ya tsaya a gaban sito. Hannu ɗaya gare shi, kuma shi ke riƙe da sanda. Ya jingina kafaɗa da bango, ya saki sandar, ya kai yatsu kan sakata.

"Baba, za ka faɗi!" Auta ta ce.

"Direba, kar ka buɗe." Muryarta ta canja har matar Injiniya ta juyo ta dube ta. "Na roƙe ka."

Sakatar tsohuwa ce, tana da tauri. Ya ja, ta ƙi. Ya ciji leɓe ya sake ja, ta yi ƙara ta zame.

Nas ta fito. Ba ta kalli wanda ya buɗe mata ba. Ta ratsa ta tsakanin ƙafafun Injiniya, ta wuce Auta, ta wuce ragowar kifin da ke kan tebur, ta daka tsalle ta dira a cinyar Mai Guga, ta cusa kai da ƙarfi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Mai Guga ta yi iya ƙoƙarinta, amma ƙarar ta riga ta kuɓuce mata, ta dafe wurin ta sunkuya.

Falo ya yi tsit, sai rediyo ke ta surutunsa. Injiniya ya sauke wayar a hankali. Auta ta zo ta durƙusa a gaban uwarta, ta janye mayafin, ta ga ƙasusuwan wuya a waje. Ta kama hannunta, agogon da a da yake matse ta ya zame har kusa da gwiwar hannu.

"Mama," ta ce. "Tun ranar da muka yi murnar nan?"

Mai Guga ta janye hannunta.

"Kina ji muna cewa an sallami Baba, kika bar mu? Kika ce Yaya ya daina zuwa?" Auta ta fashe da kuka. "Ashe wurinki ta koma. Wayyo Allah, ashe wurinki ta koma, mu muna tafi."

Mai Guga ba ita take kallo ba. Mijinta take kallo, can a lungu, manne da bango, ba sanda, ba ƙarfin dawowa, yana kallon ta shi ma. Sai da Injiniya ya je ya ciccibo shi kamar yaro ya mayar da shi keke.

Abin da ya biyo baya ya tafi yadda ta faɗa, ba ƙari ba ragi. Layin asibiti, ɗibar jini, hoto, a dawo gobe, a sake dawowa. Likitar, wata mai sanyin murya da ba ta wuce sa'ar Auta ba, ta ce ƙari ne a ciki, sai an yi aiki, bayan aiki kuma akwai doguwar jinya, dole ta zauna kusa da asibiti. Ta ce kada ta sake ɗaga abin da ya fi kofin shayi nauyi. Mai Guga ta tambaya ko za ta warke, likitar ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu, kuma gara da aka zo yanzu. Asibitin kusa da gidan Auta yake. Ba wanda ya buƙaci sake zama a baranda. Shawarar tana nan a ajiye tun bara.

Fushi take yi da Direba, fushi na gaske, irin wanda ba ta taɓa yi da shi ba ko a zamanin da suke da ƙarfin faɗa. Ta kan miƙa masa magani ba ta kalle shi ba. In ya buga kofi ta ce wa Auta, "Je ki ji abin da babanku yake so." Ta aika wa masu kaya kayansu, wanda aka goge da wanda ba a goge ba, ta ce a ba su haƙuri, Mai Guga ta rufe.

Ranar tashi motoci biyu suka tsaya a ƙofar gida: motar aikin Injiniya mai tsani a sama, da tasin da Auta ta kira. Da sassafe, kafin kowa ya iso ya hana ta, Mai Guga ta kunna dutse ta goge wa Direba rigarsa mai ruwan sararin sama, a zaune, tana yi tana hutawa. Ko tana fushi ba za a kai mijinta gidan suruka da yamutsattsiyar riga ba.

Ta tsare matar Injiniya a bakin mota tana yi mata bayani. A juya shi ta ɓangaren hagu tukuna. Kada a ba shi ruwa yana kwance, yana ƙwarewa. In ya yi shiru yana kallon bango ba barci yake ji ba, magana yake haɗawa, a jira shi, kada a ƙarasa masa. Yarinyar tana "to Mama, to Mama," kuma da gaske take saurara, abin da ya ƙara wa Mai Guga haushi, don ta so ta samu wanda za ta ga laifinsa.

Maganar inda Nas za ta ba a ma yi ta ba. Auta ta huda kwali ta saka ta, ta ajiye a kujerar bayan tasi.

An riga an zaunar da Direba a gaban motar Injiniya, gilashi a sauke. Ya buga jikin ƙofa da hannu. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ya sake bugawa. Ta je ta tsaya, ba ta kalli idonsa ba.

"Ka ga abin da ka jawo mana," ta ce.

"Na... gani."

"Da ka bar ni, da yanzu muna ciki muna shan shayinmu."

Ya yi shiru yana haɗa magana. Injiniya ya buɗe baki zai taimaka, ta ɗaga masa hannu ya haɗiye. Suka jira. Jijiyar wuyan Direba ta miƙe.

"Gara... nesa," ya ce. Ya numfasa. "Da... kabari."

Ta ji maganar ta shige ta, amma fushin bai ba ta hanya ba. Ta miƙa hannu ta gyara masa kwalar da bel ɗin mota ya lanƙwasa, ta daidaita ta da yatsa biyu, ta juya ta shiga tasi ta ɗora kwalin a cinya. Tana jin Nas a ciki tana juyi, tana neman gefen dama.

Tasin ce ta fara tashi. Ta madubin gefe ta hango hannunsa na hagu ya fito ta taga, a ɗage. Ta riƙe kwalin da hannu biyu gam. Bari ya ji yadda ta ji, in ji zuciyarta. Suka wuce shagon aski, suka wuce famfon unguwa, hannun na nan a sama yana ƙanƙancewa. Sai da direban tasi ya karya kwanar gidan abinci fushin ya sake ta gaba ɗaya, ta juya da sauri har ciwon ya soke ta, ta ɗaga hannu a gilashin baya. Katangar gidan abincin ta riga ta shiga tsakani.

"Mama, kin yi mantuwa ne?" Auta ta tambaya. "A juya?"

"A'a," ta ce. "Mu je."

Ba ta sauke hannun ba har suka hau babban titi.